Mesa Ba Mage Ba Ce: Magana Ga Masu Kiwon 'Ya'yan Maciji A Unguwanninmu



Wani sabon yayi ya shigo mana, kuma in muka yi shiru za a ce da mu aka yi. Matasa sun fara kamo 'ya'yan mesa daga dazukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Tagwai da gonakin gefen Chanchaga. Wasu kuma saye suke yi a hannun mafarauta da masu sharar gona. A kawo ta gida, a jefa a bokitin fenti ko kwalin taliya, a ce kiwo ake yi. A rataya ta a wuya, a ɗauki bidiyo, a ɗora waƙa a kai, a sa a TikTok. Bayan wata biyu ka tambayi ina mesar, sai a ce maka ta mutu, ko a ce ta gudu. Duka amsoshin nan biyu babu mai daɗi. Ta farko zalunci ce ga dabba, ta biyu haɗari ce ga maƙwabci.

Matsayina a taƙaice shi ne: wanda bai kama ba kada ya kama, wanda bai saya ba kada ya saya. Wanda kuma ya riga ya ɗauko, to amana ya ɗauko, wajibi ne ya san abin da take ci da inda za ta kwana, ko ya miƙa ta ga waɗanda suka sani. Zan kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya. Mai hujjar da ta fi tawa, ƙofa a buɗe take.

WACE IRI CE A HANNUNKA?

Ka tambayi yaron da yake taƙama da mesa wace iri ce gare shi, sai ya tsaya yana kallonka. Bai ma san akwai iri-iri ba. A wannan yanki namu mesa iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda in ta tsorata take dunƙule jikinta kamar gammo ta cusa kanta a tsakiya. Ita ce Turawa suka fi so, kuma in ta gama girma ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba. Akwai kuma babbar, wadda manoma da makiyaya suka sani, mai haɗiye akuya. Babu macijin da ya kai ta girma a duk Afirka. Tana kai mita 4 zuwa 5, wani lokaci ta wuce haka.

Ranar da aka ƙyanƙyashe su, kowacce ba ta wuce kamu ɗaya ko ɗaya da ɗan ɗori ba, kuma wanda bai saba ba ba zai bambance su ba. Ke nan abin da kake ratayawa a wuya bana, cikin 'yan shekaru yana iya fin katifarka tsawo, ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya riƙe. A lokacin ina za ka sa shi? A ɗaki ciki da falo na gidan haya a Tunga ko Kpakungu?

Akwai abin da ya fi wannan tayar da hankali. Kasa ma gajeriya ce mai kauri, jikinta da zane, kuma tana son kwanciya cikin busasshen ganye inda ake tsintar 'ya'yan mesa. Kasa haihuwa take yi, 'ya'ya da yawa a lokaci guda, kuma kowane ɗa da dafinsa yake zuwa duniya. Kanta mai faɗi ne, fatarta da kaushi, ta mesa kuwa sumul take tana sheƙi. Amma yaro ɗan shekara 14 da ya ga abokinsa ya yi suna da maciji, kana ganin zai tsaya duba kaushin fata da magariba a bakin rafi? Hannu zai kai. Ga kuma kububuwa, wadda ita ce ta cika asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe da majinyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum tsakanin 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara. Kakanninmu sun koya wa yara su ja da baya in sun ga maciji. Wannan yayin yana koya musu su matsa kusa.

ME ZA TA CI?

Nan ne yawancin masu wannan kiwo suke faɗuwa tun a makon farko. An ga masu ajiye mata madara a murfin kwalba. An ga masu fasa mata ƙwai, masu yanka mata tsokar nama, har da masu tura mata loma ta tuwo. Mesa ba ta shan madara, ba ta cin hatsi, ba ta cin ganye. Abincinta dabba ce sukutum, da gashi da ƙashi da kayan ciki, domin daga ƙashin take samun abin da zai gina nata ƙashin. Tsokar nama zalla, ko da ta karɓa, ba ta isar ta.

Jaririyar mesa tana buƙatar ɗan ɓera guda duk kwana 5 zuwa 7, wanda kaurinsa bai wuce inda jikinta ya fi kauri ba. In ya fi haka girma, sai ta amayo shi. In ta girma, ana rage yawan ciyarwa zuwa duk kwana 10 ko mako biyu, amma girman abincin yana ƙaruwa. Yi lissafi da kanka, ƙanena. Sau ɗaya a mako, ɓera 52 ke nan a shekarar farko kawai. Ƙaramar mesa in ta samu kulawa tana yin shekara 20 zuwa 30. Wanda ya ɗauke ta yana aji uku na sakandare, zai yi aure, ya aurar da 'yarsa ta fari, mesar tana nan tana jiran ɓeranta. Babbar kuwa, daga ɓera sai gafiya, daga gafiya sai zomo da kaji. A wannan tsadar da magidanci yake lissafin mudun masara, wa zai riƙa sayen kaza don maciji?

Za ka ce ai ɓera kyauta ne, ga su nan cike da gida. To a nan ne hatsarin yake, kuma kashi uku ne.

Na farko, ɓeran gida ko na kasuwa yana iya kasancewa ya ci shinkafar ɓera. Gubar ba ta kashe shi nan take, yana yawo da ita a jikinsa. Mesa ta haɗiye shi, ta haɗiye gubar.

Na biyu, ɓera mai rai ba ya miƙa wuya. Mesar da aka kamo daga daji tana cikin firgici, takan ƙi cin abinci makonni, wani lokaci watanni. Ka jefa mata ɓera mai rai ka rufe ka tafi kallon ƙwallo, ka dawo ka tarar ɓeran ne ya gaigaye mata baya har ƙashi. Shi ya sa masu kiwon gaske a ƙasashen waje suke ba da ɓeran da aka kiwata a wuri mai tsabta, aka kashe, aka daskarar a firji, sannan a narkar da shi ya ɗan yi ɗumi kafin a miƙa mata da dogon matsefi ko almakashin riƙo. Ina mai sayar da irin wannan a Kasuwar Kure? Kuma wace uwa ce za ta yarda a sa mataccen ɓera a firjin da take ajiye zoɓo da kunun aya na sayarwa?

Na uku shi ne mafi muni, kuma bai shafi mesar ba, ku ya shafa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, ɓera ne yake yaɗa shi ta fitsari da kashinsa. Kowace shekara da rani hukumar NCDC tana gargaɗin mutane su nisanci ɓeraye, su rufe abinci. Mu kuma ga yaranmu suna bin rumbuna da bola suna kamo ɓera da hannu, su shigo da shi ɗakin kwana don ciyar da maciji. Wannan wace irin dabara ce?

Bayan ta ci kuma, dole a ƙyale ta aƙalla kwana biyu ba a taɓa ta ba, in ba haka ba ta amayar da abincin, kuma yawan amai yana kashe jaririya. To mai neman mabiya a TikTok zai iya haƙurin kwana biyu bai ɗauko ta ba? Abin da ya sa aka kamo ta shi ne dai abin da yake kashe ta.

INA ZA TA KWANA?

Maciji ba ya samar wa kansa ɗumin jiki kamar akuya ko kaza. Zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. A daji mesa tana zaɓa da kanta: in ta ji sanyi ta fito rana, in ta ji zafi ta shige ramin gafiya ko tsohon suri inda ƙasa take da sanyi da danshi. A cikin bokiti babu zaɓi. Abin da masana kiwonta suka tsayar shi ne, akwatinta ya kasance da ɓangare mai ɗumi wajen digiri 31 zuwa 32, da ɓangare mai sanyi wajen digiri 25 zuwa 27, da maɓoya mai duhu a kowane ɓangare, da kwanon ruwa mai tsabta wanda za ta iya shiga ciki, da murfi mai kulle wanda iska take ratsawa.

Mu dubi yanayin Minna. A watan Maris da Afrilu, ɗakin kwano da rana tsaka tanderu ne. Bokitin roba a rufe a irin wannan ɗaki, ko a bakin taga inda rana take bugawa, awa kaɗan ya isa ya dafa ta. A watan Disamba da Janairu kuma, sanyin asuba na hunturu yana sauka ƙasa da abin da jikinta yake buƙata don narkar da abinci. Abincin ya ruɓe a cikinta, ko ta kamu da ciwon huhu, ka ji tana shaƙar numfashi da ƙara, majina tana fita ta baki. Turawan da kuke koyi da su suna da na'urar ɗumama akwati mai daidaita kanta dare da rana. Mu da wutar lantarki take zuwa ta tafi ba sallama, da me za mu riƙe ta?

Ga kuma batun saɓa. Jaririyar mesa tana yin saɓa akai-akai domin tana girma. Kafin ta yi, idonta yakan yi hazo, ta daina ci, ta zama mai saurin cizo domin ba ta gani sosai. Tana buƙatar danshin iska wajen kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, a ƙara a lokacin saɓa. Iskar hunturu da take fasa mana leɓe da diddige ita ce take hana tsohuwar fatar fita. Ta manne a ido, ta ɗaure bakin wutsiya har ya mutu ya guntule. Mai ita kuma ya sa farce yana ɓamɓara, ya tsiyaye mata ido.

Sannan wadda aka kamo daga daji kusan kullum tana zuwa da kaska a jiki da tsutsotsi a ciki. Likitocin dabbobinmu shanu da tumaki da kaji ne yawancin aikinsu, kuma maganin feshin da ake yi wa kare ko saniya yana iya kashe maciji. In ta kwanta ciwo, wa za ka kai wa?

Wani abu da ya sa wannan zaluncin yake ɓoyuwa shi ne, maciji ba ya kuka. Akuya in ta ji yunwa duk unguwa sai ta sani. Mesa kuwa tana iya yin watanni tana ramewa a hankali, ƙashin bayanta yana fitowa, ba ta ce uffan ba. Mai ita yana cewa ai lafiyarta lau, ga ta nan shiru ba ta da rigima. Shirun nan mutuwa ce take yi a hankali.

GIDAN BA NAKA KAI KAƊAI BA NE

Macizai da ƙadangaru da kunkuru suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba. Tana fita ta kashinsu, ta shafi fatarsu da duk abin da suka bi ta kai. A jikin mutum zawo ne da amai da zazzaɓi, ga ƙaramin yaro kuma abin yana iya kai wa ga kwanciya asibiti. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da masu raunin garkuwar jiki su riƙa taɓa irin waɗannan dabbobi. Wane gida ne a Tagwai babu yaro ɗan ƙasa da shekara 5? Akwai kuma wata tsutsa da take zama a huhun mesar Afirka ta Yamma, wadda ƙwanta yake shiga jikin mutum ta yawu da kashin macijin ko ta namansa da bai dahu ba. Mai sumbatar kan mesa don bidiyo ya yi kyau, ya san da wannan.

Sai batun tserewa. Mesa gaba ɗayanta tsoka ce. Tana ɗaga murfin da aka danne da bulo, tana bi ta ƙofar da ba ka zaci yatsa zai shiga ba. A gidan haya mai ɗaki goma, ta bi ta silin ko ta magudanar banɗaki, ina za ta ɓulla? Ɗakin mai jego? Kejin kajin maƙwabciya? Ko da ƙarama ce marar dafi, tsohuwa mai hawan jini da ta ɗaga tabarma ta gan ta, firgicin kaɗai ya isa musiba.

Babbar kuwa ba a wasa da ita. A watan Agusta na 2013, a garin Campbellton na ƙasar Kanada, mesa irin tamu ta Afirka mai tsawon kusan mita 4 ta fita daga inda aka tsare ta, ta bi ta bututun iska, ta faɗo ɗakin da wasu yara biyu, wa da ƙane, suke barci. Ɗaya shekararsa 6, ɗaya 4. Da safe gawarsu aka tarar. Mai macijin nan ba sabon shiga ba ne, sana'arsa ke nan, yana da shagon sayar da irin waɗannan dabbobi, kuma ɗakin gilashi ya gina mata. In gilashin Kanada bai riƙe ta ba, bokitin fenti ne zai riƙe ta? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

HUJJOJIN MASU YI

Na saurari abin da matasan suke faɗa, kuma ya kamata a ba su amsa, ba zagi ba.

Suna cewa ai Turawa ma suna yi. Gaskiya ne, suna yi. Ƙaramar mesa tana cikin macizan da aka fi kiwo a Amurka da Turai, kuma daga Ghana da Togo da Jamhuriyar Benin ake fitar da dubbai zuwa can a kowace shekara. Amma a dubi abin da ba a nunawa a bidiyo. Mai kiwo a can yawanci wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mutane yake saya, wadda ta saba cin abinci a akwati. Yana da wuta ba yankewa, da shagon abincinta, da likitan da ya karanci macizai. Duk da haka ba su tsira ba. A jihar Florida, macizan da aka shigo da su daga Asiya don kiwo, waɗanda suka tsere ko masu su suka gaji suka saki, sun hayayyafa a dausayin Everglades sun cinye ƙananan dabbobin wurin, har gwamnati tana biyan mafarauta su kashe su. A 2012 Amurka ta haramta shigo da babbar mesar Afirka ƙasarta. Wanda kake koyi da shi ya rufe ƙofa, kai kuma yanzu kake buɗe taka.

Suna cewa ai gardawa sun daɗe suna wasa da maciji, al'adarmu ce. Gardi sana'a ce ta gado. Yaro yana tashi a gaban ubansa shekara da shekaru kafin a bar shi ya taɓa, kuma su kansu sun san ana sara, ana mutuwa. Ban taɓa jin gardin da ya koyi sana'arsa daga bidiyon minti ɗaya ba. Kuma in al'ada za a bi, tarihin da aka fi sani na maciji a ƙasar Hausa shi ne na rijiyar Kusugu a Daura, inda maciji ya hana mutane ɗiban ruwa. Ba a ce wani ya ɗauke shi ya kai ɗaki ba.

Suna cewa ta saba da ni, ta san ni. Ƙanena, mesa ba kare ba ce. Tana iya sabawa da a ɗauke ta har ta rage tsoro, iyakarta ke nan. Naɗe hannunka da take yi, riƙo ne don kada ta faɗi, da kuma ɗumin jikinka da take nema. Dunƙulewar da ƙaramar take yi, wadda kuke cewa kunya ce ko lafiyar hali, tsoro ne tsagwaronsa. Ranar da hannunka yake warin ɓera ko kaza, za ta kai masa cafka kamar yadda za ta kai wa ɓeran, kuma haƙoranta a lanƙwashe suke zuwa ciki.

Suna cewa kuɗina ne, dabbata ce, ina ruwan wani. Ruwan maƙwabci yana ciki tunda bango ɗaya ya raba ku. Ruwan hukuma ma yana ciki. Mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta duniya ta sa wa ido a kan cinikinsu, kuma Nijeriya ta sa hannu a kanta. An kafa dokar kare namun dajin da ke fuskantar barazana a 1985, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara. Ita dabbar ma tana da haƙƙi. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Malamai suna nan, a tambaye su ko hukuncin ya canza in abin da aka tsare maciji ne. Maƙwabtanmu Kiristoci ma ba su da wata koyarwa da ta halatta azabtar da dabba don nishaɗi.

TANA DA AIKI A INDA TAKE

Wannan ɓangaren ga manyanmu ne, musamman manoma. Mesa ma'aikaciya ce a gona wadda ba a biyan ta. Ɓeraye da gafiya da gyazbin da suke ɓarnar masara da shinkafa da doya a fadamun Tagwai su ne abincinta. Duk 'yar mesar da aka ɗauke daga gona ta mutu a bokiti, ɓerayen da za ta ci a tsawon rayuwarta sun samu 'yanci, su ci amfanin gona, su shigo rumbu, su shigo gida da cutarsu. Ƙaramar mesa ba ta yin ƙwai da yawa, 'yan ƙalilan ne a shekara, kuma uwar tana naɗe su kusan wata biyu har su ƙyanƙyashe. In aka kwashe uwa da 'ya'ya daga rami ɗaya, an share zuri'a guda.

Don haka masu sayarwa su ma su ji. Mafarauci ko mai sharar gona da yake miƙa wa yaro ɗan makaranta jaririyar mesa don kuɗin kati, ya san ba za ta rayu ba, ya kuma san gidan da za a kai ta akwai jarirai. Cinikin nan bai dace da dattijo ba.

Ban ce a bar mesa ta zauna a kejin kaji ko garken awaki ba. Wadda ta shigo gida dole a fitar da ita, kuma wanda ya ji tsoro ba a ga laifinsa ba. Amma wadda aka gani a daji tana harkarta, a ba ta hanya ta wuce. Tsakanin a rataya ta a wuya da a sare ta da adda akwai hanya ta uku, ita ce a ƙyale ta.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Wanda yake da ita yanzu, in kamun kwanan nan ce kuma lafiyarta ƙalau, mafi alheri ita ce ta koma daji, nesa da gidaje. Kada a sake ta a kwata ko bayan makaranta ko bola don a rabu da ita. A sanar da mai unguwa, a nemi ma'aikatan gandun daji na jiha, su ne aikinsu ya shafi namun daji. In ta rame ko tana da rauni, a fara kai ta asibitin dabbobi.

Kafin a samu yin haka, a sa ta a akwati mai kulle da ƙofofin iska, a inuwa, nesa da ɗakin girki da inda yara suke. A sa mata ruwa mai tsabta da abin da za ta ɓuya a ciki. A daina ɗaukar ta. Kada a ɗura mata abinci da ƙarfi, kada a bar ta da ɓera mai rai. A wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka taɓa ta ko akwatinta.

In kuwa tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ko da ana zaton mesa ce, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya, kada a ɓata lokaci wajen baƙin dutse. A cire zobe da agogo, a hana shi yawan motsi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti nan take.

Iyaye mata, ku kuka fi kowa sanin abin da ke cikin ɗakunan samarin nan. Bokitin da aka huda wa murfi aka tura ƙarƙashin gado, a tambayi abin da ke ciki. Masu gidajen haya, ku sa wannan cikin sharuɗɗanku. Masu danna wa bidiyon nan alamar so da masu turawa gaba, ku sani ku ne kasuwar. Ranar da aka daina kallo, ranar za a daina kamowa.

Ga matasanmu kuma, son dabbobi ba laifi ba ne, abin yabo ne. Mai son kiwo ga tattabaru, ga zomo, ga zabi, ga kifi, waɗanda za ka iya ciyarwa kuma su ciyar da kai. Wanda kuma macizan ne dai suka shiga ransa, to ya bi ta ƙofar ilimi. Akwai karatun dabbobi da na gandun daji, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a nan Minna, ga makarantar koyon kula da namun daji a New Bussa, kusa da gandun dajin Kainji, duk a cikin jiharmu. Ƙasar nan tana buƙatar mutanen da suka san maciji da gaske, masu iya fitar da shi daga gidan mutane lafiya, masu iya bambance kasa da mesa, masu taimaka wa asibitoci. Wannan suna ne da zai daɗe fiye da na bidiyo.

Za mu sa wannan batu cikin ajandar taronmu na wata mai zuwa, kuma muna gayyatar mafarauta da masu unguwanni su halarta. Wanda yake ganin na yi tsauri, ya zo da hujjarsa, amma ya zo da amsar tambaya ɗaya: ɓera 52 na shekarar farko, daga ina?

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashin kulawarmu.

Sakataren Ƙungiya